Gabas a Saman Takarda

Ƙaura Namoda,
Asabar, 9 ga Maris, 2002.

Maigidana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kwas ɗin Kaduna kuma yana tafiya da sauƙi. Mahaifiyarka Hajiya tana nan lafiya, ƙafar ma ta yi dama.

Tun safe nake tuna ranar da ka shigo da kwamfutar ofishinku na awon ƙasa gida, ka zare littafin soyayyar da ke hannuna, ka ɗora tafina a kan maus, wato linzamin kwamfuta. A littattafan nan jarumi turare yake kawo wa matarsa, ni kuwa aka kawo mini aiki, kuma ban taɓa jin daɗin kyauta kamarta ba. Wata huɗu kana koya mini rubuta furogiram, wato umarnin da kwamfuta ke bi, har na yi layukan nan biyu masu gittawa, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, masu bin maus a kan taswira. Ka tuna yadda suke cika allo da zane, kafin in gane sai an goge tsohon layi sannan a ja sabo? Duk inda suka haɗu, sai lambobi su fito a ƙasa: mita kaza arewa da rijiyar gari, mita kaza gabas.

Yau na buɗe taswirar Sakajiki don kawai kewar garin kakata. Na kai mahaɗar layukan kan tsamiyar da muke wasa a ƙarƙashinta, kwamfuta ta ce wai arewa da rijiya take. Maigida, daga bayan tsamiyar nan rana take fitowa. Na gwada makarantar firamare, ita ma ta kauce.

Ka aiko mini da amsa ta hannun direban nan.

Taka har abada,
Mardiyya.

Litinin, 11 ga Maris.

Maigidana,

Ina gaishe ka, ina kuma tambayar lafiyarka. Direba ya dawo hannu wayam, ya ce kun fita aikin awo daji, sai Juma'a.

Na gano abin. Tsohuwar taswirar nan ta Sakajiki da aka saka a kwamfuta, magatakardan hakimi ne ya zana ta da hannu, shi kuma gabas ya sa a sama, yadda dattawanmu suke yi, mutum ya fuskanci alƙibla sannan ya lissafa sauran kusurwoyi. Ni kuwa na rubuta wa kwamfuta cewa sama arewa ce, kamar yadda littafinka ya nuna. Duk abin da ta kira arewa, gabas ne. Layi uku na sauya a cikin furogiram ɗin, tsamiya ta koma wurinta. Wannan bai kai awa ɗaya ba.

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne takardar da ka buga kafin ka tafi, wadda ofishinku ya miƙa wa kotun shari'a kan rikicin burtali. Ta ce hanyar shanu tana mita ɗari uku arewa da rijiya. Gonar Baba Sanda ce a wurin, tsohon nan mai ido ɗaya da yake ba mu gyaɗa muna yara. Ainihin burtalin yana gabas, ta gefen tsamiya. Ranar Alhamis alƙali zai yanke hukunci, kuma na ji mutane suna cewa na'ura ba ta son kai. In aka bi takardar, za a kafa turaku a tsakiyar gonarsa, ga damina tana matsowa, ba shi da wata.

Ka yafe mini, ban yi da gangan ba.

Matarka,
Mardiyya.

Laraba, 13 ga Maris.

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa wasiƙar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko da za ta iso a makare.

Jiya na faɗa wa Hajiya komai. Ta ce in jira ka, domin a ofis kowa ya ɗauka kai ka rubuta furogiram ɗin, kuma da shi aka zaɓe ka zuwa kwas. In na yi magana, za a san kayan gwamnati sun yi wata huɗu a ɗakin matarka, ita ce ma take taɓa su. Ta ce bayan hukunci ana iya gyarawa. Na so in yarda. Amma ka san in an kafa turaku, makiyaya sun bi sau ɗaya, tsoho irin Baba Sanda ba shi da ƙarfin zirga-zirgar ɗaukaka ƙara.

Na ɗauko littafi don in huta, na karanta shafi ɗaya sau uku ban san me ya ce ba. Ina tsoron fushinka, ina tsoron abin da zai samu aikinka, ina tsoron tsayawa gaban maza in yi bayanin lambobi. Ban taɓa fita ba da izninka ba, shi ya sa na roƙi Hajiya ta raka ni. Ta yi ta faɗa, daga baya ta ce in goge mata mayafinta.

Na buga sabuwar takarda, na haɗa da tsohuwar taswira, na rubuta gabas da jan biro a samanta. Gobe da ƙarfe takwas za mu je kotu, zan faɗa wa alƙali ni na rubuta, ni na yi kuskuren.

Ina gaishe ka da zuciya ɗaya.

Matarka,
Mardiyya.