Tocilar Kaka

Maska, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga aminina Malam Raufu mai hoto,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka, yaya Hajiya Sekinat da jikoki? Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san da furfura na shiga ajin yamma.

Malam, jikata Kausar ta fitar da ni kunya. Ta zo daga jami'a da 'yan ƙungiyarsu ta kallon taurari, su goma sha ɗaya, suka sauka a gonata da muka gama cire masara. Na leƙa madubinsu na hangen nesa. Kaza da 'ya'yanta da na san su bakwai, ashe sun fi ƙirga! Duk majalisa ta ji labari a bakina.

Tsohuwar kyamararka mai fim da ka ara mata, can ƙarshen gona ta kafa ta a kan ƙafafu uku, ta bar idonta a buɗe. Ta ce haka za ta daɗe tana shan hasken taurari kaɗan-kaɗan, kada kowa ya matsa kusa.

Ina da tambaya, ta tsaya tsakaninmu. In wani ya haska irin wannan kyamara da tocila, na ɗan lokaci kawai, hoton zai lalace? Abin yana hana ni cin abinci.

Naka,
Alhaji Mati

Maska, 19 ga Nuwamba

Zuwa ga jikata Kausar,

Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fata kina lafiya. Kakarki Inno tana gaishe ki.

Mahaifiyarki ta gaya mini an wanke fim ɗin, wurin taurari ya fito fari fat. Ta ce kin yi kuka, kin ce hannunki ne bai iya ba, har kin shirya mayar wa Malam Raufu kyamararsa ki fita daga ƙungiya.

Kada ki fita. Ba ke ba ce, ni ne.

Kin san mu, ko garma ba ma bari ta kwana a gona ba mai ido a kanta, balle kayan aro. Ina zaune da baƙinki amma hankalina yana can. Sau uku na ce zan zaga, na bi bayan karan dawa, na haska kyamarar da tocila ido da ido in tabbatar tana nan. Na ji gargaɗinki sarai. Na ɗauka tsoro kike a ture ta. Malam Raufu ya aiko mini cewa haskawa ɗaya ma ta isa.

Amsarsa ta kwana goma a aljihuna. Na yi shiru don kada ki daina kallona yadda kika kalle ni ranar da kika gabatar da ni ga abokanki. Da na ji kina zargin kanki, na ga shirun ya fi haskawar muni.

Jiya na faɗa a majalisa, inda na yi ta cika baki. Sun yi dariya har abokina Jibo ya ƙware da shayi. Ki karanta wa 'yan ƙungiyarku wannan takarda, da sunana a ciki.

Gona tana nan, za a yanke dawa kafin wata ya yi duhu. In kin dawo, ni a gida zan zauna. In kuma kin zaɓi gonar wani, ba zan yi fushi ba, amma zan tambayi hanya.

Ki yafe mini.

Kakanki,
Mati