Na Yi wa Nabil Barka

Daren Lahadi, Nuwamba 1977, Marylebone, Landan

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu a ɗakin hutawa na asibiti aka nuno shugaban Masar a talabijin yana jawabi a majalisar Isra'ila. Don murna na dafa kafaɗar Nabil, Bafalasɗinen da muke aiki tare, na ce, "Likita, barka! Sulhu ya zo, ka kusa komawa gida."

Sai ya ce, "Sani, mahaifiyata tana sansanin gudun hijira a Labanan. Ta daina tambayar yaushe za a koma. Yanzu inda za a binne ta take tambaya."

Ya koma wajen marasa lafiya. Na riga na sayi tikitin zuwa gida Kano hutu, amma na kasa gaya masa.