Hayaƙin Luban a Ɗakin Babana

Zuwa ga Ummu Haisam,

Don Allah ki taimake ni. Ban taɓa rubuta wa kowa wasiƙa ba, kuma a aji shida na tsaya, sai ki yi haƙuri da rubutuna. Shekarata goma sha huɗu.

Babana masunci ne a nan garin Shihr, a bakin teku. Wata bakwai ke nan likita a birnin Mukalla ya ce cutar daji ce a huhunsa. An yi masa ƙarin ruwan magani sau huɗu, daga baya aka ce mu koma gida. Yanzu majina ta cika masa ƙirji. In yana numfashi sai ki ji kamar tukunya na tafasa. Yakan yi tari har jijiyar wuyansa ta tashi, amma abin ba ya fita.

Mahaifiyarsa, Kaka Barka, ita ke da gidan. Kullum bayan la'asar takan zuba luban a kaskon turare, ta ajiye kusa da kansa, ta rufe taga, ta lulluɓe shi da mayafi don hayaƙin ya shige shi. Ta ce haka aka yi wa mijinta da ubanta, luban ke buɗe ƙirji. In 'yan dubiya za su zo sai ta ƙara wani, kada su ji warin ciwo.

Ni nake zama da shi, Mama tana wurin aikin gyaran kifi. Na lura bayan turaren tarin ya fi tsanani. Da luban ya ƙare kwana biyu, har shinkafa ya ci. Amma shi ba zai ce wa mahaifiyarsa a'a ba, sai dai ya riƙa kallona. Sau ɗaya na yayyafa wa garwashin ruwa a ɓoye. Ta gane. A gaban baƙi ta ce, "Ga likitar gidanmu mai aji shida. Ke kika haife shi ko ni?" Aka yi ta dariya. Tun ranar ban sake taɓa kaskon ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ni nake wanke ƙyallen da yake tofawa a ciki. Ranar Talata na ga jini. Jiya ma na gani, ya fi na farko. Ya roƙe ni kada Mama ta ji. In na faɗa na saɓa masa, in na yi shiru kuma ban san abin da zai faru ba. Yaya zan yi?

'Yar masunci, Shihr

*

'Yata,

Maganar jinin nan ba ta ajiyewa ba ce. Ki gaya wa mahaifiyarki yau, a sanar da likitansa. Babanki yana so ya rage mata damuwa ne, amma bai kamata ya ɗora miki wannan nauyin ba. In jinin ya kai cikin cokali, ko zazzaɓi ya zo, ko numfashi ya gagara, a tafi asibiti nan take.

Idonki bai yaudare ki ba. Kowane hayaƙi, komai ƙamshinsa, yana ƙara wa huhu mai ciwo wahala. A daina turaren a ɗakinsa, a buɗe taga. In don baƙi ne, a yi shi a tsakar gida.

Sai dai ki duba kakarki da tausayi. Ɗanta ne ke ƙarewa a gabanta, kaskon nan kaɗai ya rage mata. In aka karɓe shi ba a ba ta wani abu ba, ba za ta yarda ba. Kada ke ki tunkare ta. Mahaifiyarki ta roƙi likita ya faɗa mata da bakinsa, sannan a bar mata aikin haɗa masa ruwan ɗumi da zumar magarya. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan duk yini, yana tsinka majina.

Kada ya kwanta shame-shame, ku tokare bayansa da matasai. In tari ya taso, ya zauna ya ɗan sunkuya, ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya riƙe kaɗan, sannan ya huro da baki buɗe kamar mai hura madubi, sau biyu ko uku, ya huta. Kada a bubbuga masa baya tunda akwai jini, kada kuma a sayo maganin tari sai wanda likita ya rubuta.

Ba zan ɓoye miki ba, duk wannan ba zai warkar da cutar ba. Numfashi zai sauƙaƙa masa, ya samu ya ci, ya yi barci, ya yi hira da ku. Wataƙila ya yi fushi da ke na yini ɗaya. Ki jure, gara ya yi fushin yana numfashi.

Allah ya sassauta masa, ya ba ki ƙarfin zuciya.

Ummu Haisam