Jan Man da Ke Ɗiga daga Motar Sami

Gadarif, 9 ga Rajab

Zuwa ga Yaya Ummusalama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Nasir da yara a nan Jidda, ya kuma yaye miki ciwon gwiwar da kika ambata. Mu ma alhamdu lillahi. An gama yankan riɗi, dawa ta yi kyau a wajen Doka, ni kuma ina nan ƙarƙashin taraktocin mutane kamar yadda kika bar ni. Inna tana cin abinci, sai dai ta rame. Na zaɓi rubutu ne saboda abin da zan gaya miki ya fi ƙarfin bakina a waya.

Kin tuna jar motar ƙaninmu Sami, mai kujera biyu, wadda nake ce wa kwaɗo don cikinta na jan ƙasa, ko buhun dawa ɗaya ba ta ɗauka. A cikinta ya gudo da matarsa Fatin daga Khartum da yaƙi ya tashi. A hanya dutse ya daki kaskon giyarta, robar da ke riƙe mai ta tsage. Ya ajiye ta ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ya ce in ya dawo daga Madani da surukarsa za mu gyara tare. Bai dawo ba, kin sani. Man giyar irin waɗannan motoci ja ne, ba kamar na tarakta ba. Da Inna ta ga yana ɗiga, sai ta tura farar tasa ƙarƙashin motar. Ta ce jinin mai rai ne kaɗai ke gudu, muddin motar ɗanta na ɗiga, ɗanta yana numfashi a wani wuri. Na yi mata bayanin roba da kasko, ta dube ni kamar ni ne ban gane ba. Liman ya zo har sau biyu a kan a yi zaman makoki, ta hana a shimfiɗa tabarma.

Yaya, ki yi haƙuri, Sami ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata bakwai ke nan da abokinsa Abdelaziz ya same ni a Doka, ya ce harsashi ya samu ƙaninmu a bakin titi, da hannunsa ya binne shi a tsakar wani gida a Madani. Na dawo da niyyar faɗa, na tarar da Inna a durƙushe tana duba tasa, tana murmushi don ta samu ɗigo uku. Ni makanike ne, na san man ya kusa ƙarewa. Maimakon in buɗe baki, kasuwa na tafi na sayo galan. Duk Juma'a in Inna ta fita gaida maƙwabta, sai in ɗaga murfin inji in ɗura da mazurari. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ni da kaina nake ta ƙara wa nawa zurfi. Har ta kai ina tsoron rumfar nan da rana tsaka. Ƙamshin turaren Sami bai bar kujerar ba, kuma in ɗigo ya faɗa tasa, ji nake kamar takunsa a zaure. Sau ɗaya ma na waiga na amsa sallama.

Fatin ce ta kawo ƙarshen abin. Ta tsare ni a ƙofar gida, ta ce ta daɗe tana ganina da mazurari ta taga. Ta roƙe ni don Allah in gaya mata ko ita matar aure ce ko mai takaba, don ta gaji da tsayuwa a tsakani. Na gaya mata. Ba ta yi kuka a gabana ba, cewa kawai ta yi in gyara motar. Ranar Talata da hantsi na ɗaga ta da jak, na kwance kaskon, na daidaita inda ya lotsa, na sa sabuwar roba, na ɗaure notuna. Aikin da bai kai awa biyu ba.

Washegari Inna ta jawo tasa ta same ta a bushe. Ta shafa cikin tasar da yatsa, ta mayar, ta jira har la'asar. Sannan ta yi salati, ta ce a fito da tabarmi a sanar da Liman. Mun yi zaman kwana uku, mutane sun zo har daga Basunda. Sai dai, Yaya, duk wanda ya tambaye ta yaushe abin ya faru, cewa take yi ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ɗanta. Ina zaune gefenta ina ji. A wannan lokacin ina kwance ƙarƙashin motar da sifana a hannuna, kuma ta gan ni. Ba ta zarge ni ba, amma tun ranar, in na miƙa mata ruwa da hannun nan, sai ta ce in ajiye a ƙasa.

Ke ce babba, ki ba ni shawara. In na faɗi ainihin ranar, zan zama ɗan da ya yi wata bakwai yana yaudarar uwarsa. In na yi shiru, zan zauna a matsayin wanda ya tsayar da numfashin ƙaninsa. Ban san wanne za ta fi iya ɗauka ba.

Ki gaida Malam Nasir, da Zulaiha da Raniya, da Gwaggo Bakhita in kun haɗu. Fatin tana gaishe ki. Ki sa Sami a addu'a a Harami, ki sa ni ma.

Ƙaninki,
Abduljalil