Dutsen Niƙan Inna Ya Tafi Badun

Birnin Gwari, 9 ga Satumba, 1952

Daga Malam Gajere zuwa ga ƙanena Hussaini a Kusada. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyali. Ka durƙusa ka gaishe mini da Inna, ka ce ina tambayar ƙafafun nata da kuma cin abinci.

Bayan haka, ina sanar da kai ina raye, ko da yake hancina ya riga ni gidan gaskiya. Allah ya saka maka da irin alherin da ka yi mini da ka haɗa ni da abokinka Kabo direba. Na ce zan bi jirgin ƙasa, ka ce ai motar Kabo daga Kankiya har Badun ta ƙasar Yarabawa babu canji. Gaskiyarka, babu canji. Sauka kuwa mun yi ta fi sau talatin, duk don mu tura.

Ba ka gaya mini abin da ya ɗauko ba. Ƙiraga ne da fatu, ruwa ya dake su tun a Yashi, a kansu muke zaune. Kusa da ni akwai wata 'yar kasuwa daga Kafinsoli, Hassana, da kwandunan daddawa huɗu. Ƙudajen da suka rako mu daga gida sun hayayyafa a hanya, yanzu da jikokinsu muke tafe. A goshin motar an rubuta "Sannu ba ta hana zuwa." Ragowar maganar ba ta samu wuri ba, mu muke cika ta: da an yi ruwa sai a rufe hanya da shinge har ta sha iska, kwananmu biyu ke nan a bakin na nan.

Kabo ba shi da karen mota, ya ce kowane fasinja karen mota ne. Ni ya ba ni aikin waji, wato guntun katakon da ake cusawa a bayan taya in mota ta tsaya a hawa. Shekara goma sha tara ina nuna wa yara hanyar nan a taswira, ko tsawon ɗan yatsana ba ta kai ba. Ina neman gafararsu.

Duk wannan fa don dutsen niƙa! Hassana ta sa mini suna Malam Mai Dutse. Ta ce, "Malam, an gaya maka ƙasar Yarabawa duwatsu sun ƙare ne?" Shekara ashirin da uku Yaya Rahamatu ba ta taka gida ba, mijin da ta bi ya rasu, Inna kuma jiki yana ja baya. Na zaci za a ba ni kalma ɗaya mai taushi in kai. Na ce, "Inna, mi zan ce mata?" Ta nuna dutsen ta ce, "Ka kai ma waccan." Na san 'yar fari ce, ba a kama sunanta, to amma kunya har bakin kabari? Ga shi ma uwar dutsen kaɗai ta ba ni, ta manta da ɗan da ake niƙan da shi. Tsufa ke nan.

Ka aiko amsa Sabo ta Badun, gidan Yaya. Wassalam.

*

Ilori, 17 ga Satumba

Hussaini, gaisuwa kamar kullum. Wannan takarda kai kaɗai za ka karanta, kada ka bari Inna ta ji.

Dutsen ya fashe.

Ga yadda aka yi. A wani shinge bayan Tegina itace ya jiƙe, Kabo ya hura wuta da wajin motarsa ya dafa doya, ya ce ai daga nan gangara ce har teku. Ban san wace taswira ya karanta ba. Kafin Jeba muka tarar da wani hawa mai santsi, ƙarƙashinsa rafi ya kawo. Maza suka sauka turi, ni ma na sauka da rigata mai aiki. Muna tsakiyar hawan inji ya mutu, birki ya ce shi ma ba da shi ba, mota ta fara biyo mu da baya. Kabo ya leƙo yana ihu, "Waji! Malam, waji!" Na ce, "Wajin yana cikinka!"

Hassana ce ta mirgino dutsen daga sama ta ce, "Malam Mai Dutse, ga ranar kayanka!" Ban tsaya tunani ba, na cusa shi. Taya ta hau, na ji ƙas, mota ta tsaya. Mutum tara ne a bayanta. Kowa ya yi ta hamdala, Hassana har da guɗa, ni kuwa ina tsaye cikin taɓo ina duban dutsen Inna ya rabu biyu.

Na karanta labaran matafiya da yawa, na Larabawa da na Turawa. Duk suna faɗin yadda wahalar hanya take gyara mutum. Ƙarya suke, ko kuwa ba su taɓa zama a kan ƙirgi ba. Abin da na koya shi ne, duk matsalar da ta tare mu a hanyar nan da hannunmu muka dafa ta muka ci tun jiya.

Amma na yi dabara. Na sayi wani dutsen a kasuwar Ilori, girmansu ɗaya, har ya fi na Inna kyau. Dutse dai dutse ne, kuma wadda ta yi shekara ashirin da uku ba ta ga abu ba ina za ta gane shi? Guntayen dutsen Inna biyu Kabo ya riƙe, ya ce bai taɓa samun waji mai albarka irinsu ba.

Ka ci gaba da gaishe da Inna kamar ba komai. Wassalam.

*

Kusada, 16 ga Satumba

Daga Hussaini zuwa ga Yayana Malam Gajere, gaisuwa da ladabi da biyayya. Takardarka ta Birnin Gwari ta iso. Ka yi haƙuri da Kabo, haka Allah ya yi shi.

Yaya Malam, Inna ba mantuwa ta yi ba. Kai kana makaranta a Katsina lokacin, ni ina gida, na gani da idona. Ran da Yaya Rahamatu za ta bi Ummaru mai goro, Inna ta ce mata in ta tafi kada ta waiwayo. Yaya ta shiga madafa ta ɗauke ɗan dutsen ta sa cikin kayanta. Tun ran nan Inna ba ta sake niƙa a kan uwar ba. Ta kife ta bayan rumbu, gidan maƙwabta take zuwa niƙa har ƙarfinta ya ƙare. Sau uku ina kawo mata wani ɗan, tana cewa ba ya zama.

Dutsen na kakarmu ne, daga Kaikai aka kawo shi. Don Allah ka lura da shi kamar idonka.

Inna kunu kaɗai take sha yanzu, shi ma sai an matsa. Gero ya yi kyau bana. Haza wassalam.

*

Sabo, Badun, 23 ga Satumba

Hussaini, ina gaishe ka. Takardarka ta riga ni isowa da kwana ɗaya, amma Yaya ba ta miƙo mini ita ba sai bayan na gama tafka abin kunyata.

Ta tsufa, ta yi ƙiba, tuwo take sayarwa, kuma bakin nan na Inna ne sak. Da ta gan ni ta toshe hanci ta ce, "Gajere, daga makaranta kake ko daga majema?" Bayan na yi wanka biyu, na sa aka shigo da dutsen Ilori, na yi jawabi mai kyau. Ta dube shi, ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙunshi a tsohon zane. Ɗan dutse ne, ya yi sumul kamar ƙwai. Ta ɗora shi a kai, ya yi ta rawa kamar ɗan maraƙi ranar haihuwa.

Ta ce, "Wannan ba na Inna ba ne. Kai ka yi ƙarya ko ita ta yi mini ba'a?"

Ka san ban saba shan kaye a gaban aji ba, amma na faɗi gaskiya. Na koma tasha da ƙafa, na sami Kabo yana shirin juyowa, muka yi ta ja-in-ja kafin ya saki guntayen. Na kawo su a ka, baƙin mai yana zubo mini a wuya, yaran unguwa suna kallo. Yaya ta wanke su da kanta, ta haɗa su a ƙasa, ta ɗora ɗan a cikin kwarmin. Ya zauna daram, ko motsi. Ta tura shi gaba ta jawo shi baya sau biyu, babu ko ƙwayar hatsi. Sai na fita duba sararin sama.

Da na dawo na ce ta shirya mu tafi, Inna ba ta da lafiya. Ta ce, "Ta ce in zo?" Na ce ai ga dutse. Ta ce, "Dutse na da fassara biyu, Malam. Ko tana cewa in zo, ko tana cewa ga sauran kayana, mun rabu har abada. Da bakinta ta ce kada in waiwayo, da bakinta za ta janye. Ba zan ƙetare kogin Kwara in je a juya mini baya a tsakar gidanmu ba."

Ka ga inda muke. Mace biyu masu kai ɗaya, ni a tsakani kamar waji. Yanzu dole ka gaya wa Inna komai, har fashewar, laifin a wuyana. Ka roƙe ta kalma ɗaya. Ba sai ta kama suna ba. Hutuna ya kusa ƙarewa, amma ba zan motsa daga nan ba sai na ji daga gare ka.

Wassalam. Ɗan'uwanka, Mai Dutse.

*

Kusada, 2 ga Oktoba

Yaya Malam, gaisuwa da ladabi.

Na gaya wa Inna duka. Da ta ji ya fashe ta tambaya mutum nawa ne a bayan motar, na ce tara, ta ce to ya yi aikinsa. Da ta ji ɗan ya zauna ta juya fuska bango, ta daɗe.

Na roƙi kalmar. Ta ce ita ba ta da saƙo wurin kowa. Ta ce dai in gaya maka ka maido mata dutsenta duka, da uwar da ɗan, kuma nauyi gare shi, kada ka kuskura ka ɗauko shi kai kaɗai. Ka nemi wadda ta san riƙonsa ta kama maka.

Yau ta sa an share ɗakin kudu, inda Yaya take kwana a da, ta kuma ci tuwo.

Ku biyo jirgin ƙasa. Haza wassalam.