Kwana Shida a Montevideo

Zuwa gare ka Evaristo, inuwar mangwarona da tsakar rana, ruwan sanyi a maƙoshin mai ƙishi, uban Marisol, maigidana kuma abin alfaharina,

Na sauka lafiya! Yau kwanana shida a Montevideo, sai yau yatsuna suka daina rawar sanyi har suka riƙe alƙalami. Wane irin gari ne wannan, masoyi, da ake sa riga uku a watan Yuli? Na san yanzu a garinmu Mompox kana shagonka na kafinta, gumi na bin bayanka, ni kuwa ga ni a naɗe cikin bargo kamar jinjira.

Doña Ofelia, tsohuwar da na sauka a gidanta, tana ganina ta ƙare mini kallo ta ce, "Ke 'yar nan, da wannan 'yar fallen rigar kika zo? Ko mijin naki so yake ki daskare ya huta?" Ta ɗauko rigar ulun marigayi mijinta ta yafa mini, ta miƙo mini shayinsu mai ɗaci da ake zuƙa da bututu. Na zuƙa, na yamutsa fuska, ta yi dariya har da riƙe ciki. Tun ranar kullum sai ta raka ni tashar mota, wai kada iska ta ɗauke ni.

Jiya a asibitin koyarwa aka ba ni na'ura na leƙa cikin idon wani dattijo. Wayyo Evaristo! Na ga yanar da ta rufe masa gani ƙarara, kamar gajimare a fuskar wata, kuma yau da safe na tsaya a gefe aka cire ta. Shekara tara ina aikin jinya, ina kallon tsofaffin masuntanmu suna laluben bango ba abin da na iya musu. Ashe abin da hannu zai iya koya ne!

Bari in faɗa maka abin da nake jin nauyin faɗa: ina jin daɗi. Na ɗauka kuka zan wuni ina yi, sai ga ni ina tashi da ɗokin aji kamar 'yar firamare. Daɗin nan ne kuma yake sosa mini rai. Ta yaya zan yi murmushi a bakin kogin nan nasu mai faɗin da ba a hango ƙetarensa, alhali kai kana can da girki da wanki da rigimar yarinya 'yar shekara huɗu?

Ka tuna safiyar tafiyata? Marisol ta riƙe ƙafata tana kuka, na zazzage akwatina a kan gado na ce na fasa. Ba ka yi mini faɗa ba. Ka durƙusa kana ninke kayan ɗaya bayan ɗaya, sannan ka ce, "Wata guda ina koyon kitso, yayyena suna ce mini inna. In kin fasa, wa zai rama mini?" Na yi dariya hawaye na zuba. Waɗannan hannayen naka masu kanta, da suka saba da zarto da guduma, suna lallaɓa gashin 'yarmu kamar mai taɓa fure! Ina wani namiji irinka, daga bakin koginmu Magdalena har teku?

Ina roƙonka, hasken idona, ranar da ka gaji kada ka ɓoye mini. Ka rubuto ka ce ka gaji. Ba na son jarumin da ba ya kuka, kai nake so.

Saura magana ɗaya, gara ka ji ta daga bakina. Shugabar sashenmu ta ce ɗaliban da suka yi fice akan riƙe su aiki a nan. Zan yi fice, Evaristo, domin ba wasa ya raba ni da ku ba. Amma tun ba su tambaya ba na riga na ba ta amsa: shekara ɗaya aka ba ni aro, kuma ina da masu ni. Ta ce in bari tukuna in ga yadda garin zai shiga raina. Na ce mata raina a cike yake, ba wurin da ya rage.

Taka jiya, taka yau, taka har numfashin ƙarshe,
Nereida