Sunan da Na Laƙaba Miki

Uwar 'Yan Biyu,

Ya ƙanena da yara, ya ƙafar Inna?

Na sauka ranar Talata, namiji. Kada Inna ta ji, amma kwana biyu na yi ina naƙuda, ƙarshe sai aiki aka yi mini. Da sauƙi, ɗinkin ne kawai ke ja.

Na ce wa ungozoma, "Duk jikin nan nawa?" Ta ce girman jiki ba shi ke haihuwa ba, ƙugu ne da kwanciyar ɗa.

Sai na tuna ranar da na kira ki 'Yar Firit a gaban dangi, wai ba za ki iya haihuwa ba. Sunan kuwa ya bi ki.

Ki yafe mini. Ki duba sunan da na rubuta a sama.

Yayar mijinki